Yadda ake gina hasashe mai tushe a kan fina-finan almara masu dogon zango

Duk wanda ya taɓa zama a fadar matasa a Maradi bayan sallar isha'i, ko a Sabon Gari ko a Zariya ko a Ali Ɗan Sofo, lokacin da aka ɗora butar shayi a kan gawayi, wani kuma ya jingina wayarsa da kwalin sukari domin mutum biyar su leƙa allo ɗaya, ya san cewa fim mai dogon zango ba ya ƙarewa a inda kashi ya ƙare. Da zarar sunayen ma'aikata sun fara hawa allo sai muhawara ta ɓarke: wa ya kashe wane, ɗan wa ne wancan yaron, me ke bayan ƙofar da aka ƙi buɗewa. A fina-finan almara, wato masu dodanni da sihiri da sarakunan ƙasashen da babu su a taswira, da kuma na almarar kimiyya masu mutum-mutumi da tafiya cikin zamani, muhawarar ta fi zafi, domin marubutansu da gangan suke binne amsoshi su bar mai kallo yana tono.

Abin da nake nufi da hasashe shi ne mai kallo ya faɗi abin da labari ya ɓoye, ko abin da zai faru a gaba, tun kafin masu fim su bayyana shi. Akasarin abin da ake ji a fada, in za a faɗi gaskiya, buri ne aka sa wa rigar hasashe: mutum yana son jaruma kaza ta hau gadon sarauta, sai ya ce ai shi ya hango za ta hau. Hasashe na gaskiya yana da hujja, ana iya nuna inda aka tsinto shi, kuma ana iya ƙaryata shi. Sai dai ba yadda za a yi a koyar da shi ba tare da misali ba, misali kuwa fasa ƙwai ne, wato tona asirin labari ga wanda bai kalla ba, saboda haka wanda bai gama Game of Thrones ko Westworld ko Dark ko Lost ko WandaVision ba, kuma yana da niyyar kallonsu, gara ya dakata a nan.

Aikin farko shi ne gane dokokin duniyar da labarin yake ciki. Mai sauraren tatsuniya ya riga ya iya wannan tun yana yaro, ko da bai san ya iya ba. Idan tsohuwa ta ba yarinya ƙwarya ta ce kada ta buɗe sai ta kai gida, kowane yaro da ke zaune a tsakar gida ya san cewa ƙwaryar nan sai an buɗe ta a hanya, in ba wannan yarinya ba to ƴar kishiyar uwarta, kuma ya san Kura ba za ta taɓa wuce nama ba. Fina-finan almara ma haka suke, bambancin kawai shi ne kowanne yana kafa tasa dokar a zangon farko. A Dark, fim ɗin ƙasar Jamus da Netflix ya fitar daga 2017 zuwa 2020, dokar farko ita ce kogon da ke garin Winden yana jefa mutum shekara 33 gaba ko baya, tsakanin 1953 da 1986 da 2019. Wanda ya riƙe wannan lissafi, da ya ga yaro Mikkel ya ɓace a 2019 ya ɓulla a 1986, zai tambayi kansa wane magidanci ne a garin shekarunsa suka yi daidai da na yaron da aka ƙara wa 33, kuma ba a san iyayensa ba. Amsar ita ce Michael, mahaifin jarumin fim ɗin Jonas, kuma lissafi ne kawai ke kai mutum gare ta. Duk hasashen da ya karya dokar da fim ya kafa wa kansa ya mutu tun kafin a faɗe shi, sai fa idan fim ɗin ne da kansa ya nuna cewa dokar tana da ƙofar baya.

Bayan doka sai neman abin da bai zauna daidai ba. A nan ya kamata a ɗan daɗe, domin hasashe mafi shahara a wannan fage ta wannan hanya aka gina shi, kuma mutumin Maradi yana da idon ganinsa fiye da mutane da yawa.

Game of Thrones ya gudana a tashar HBO daga 2011 zuwa 2019, zango takwas, kashi 73, kuma an ciro shi ne daga littattafan George R. R. Martin, waɗanda na farkonsu ya fito a 1996. An gabatar da Jon Snow a matsayin ɗan da Ned Stark ya haifa a waje lokacin yaƙi. Abu na farko da ya kamata ya tsaya wa mai kallo a rai shi ne halin Ned ɗin kansa. Mutum ne da aka nuna yana riƙe amana da mutunci har hakan ya ja masa rasa kansa a kashi na tara na zangon farko, to ta yaya irin wannan mutum zai ci amanar matarsa, ya kuma ɗauko yaron ya kawo mata gida, sannan ya ƙi faɗa mata sunan uwarsa shekara da shekaru? Na biyu, ƙanwarsa Lyanna ta rasu a wata hasumiya a kudu, cikin jini, bayan ta sa shi ya yi mata wani alkawari da ba a faɗa mana ba. Na uku, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, an iske manyan dogaran sarki suna gadin wannan hasumiya a daidai lokacin da aka kashe yarima Rhaegar a fagen fama, aka kuma kashe sarki a fadarsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maradi ranar hawan Sallah ya ga yadda dogarai suke kewaye da sarki, ya san dogari ba ya barin ubangidansa ya je gadin wani gini a daji haka kawai. Idan ka gan shi a ƙofar ɗaki, to jinin sarauta na cikin ɗakin. Na huɗu, sabon sarki Robert ya rantse sai ya ga bayan duk wani jinin gidan Targaryen, wato gidan Rhaegar da tsohon sarki, wanda ya ba Ned dalilin ɗaukar abin kunya a kansa domin ya ɓoye jariri. Idan aka haɗa waɗannan huɗu, amsa ɗaya ce take rufe dukkan ramukan a lokaci guda: Jon ɗan Lyanna ne da Rhaegar. Masu karatun littattafan sun faɗi haka tun shekaru da yawa kafin a fara fim ɗin, har ma Martin ya yi wa masu shirya fim ɗin, David Benioff da D. B. Weiss, wannan tambaya ta wace ce uwar Jon kafin ya amince su shirya shi, suka kuma amsa daidai. Fim ɗin ya tabbatar da uwar a ƙarshen zango na shida a 2016, ya tabbatar da uban da aurensu a ƙarshen na bakwai a 2017.

Abin lura a wannan misali shi ne babu hujja ko ɗaya da aka ɗauko daga wajen labarin, kuma amsar ba ta tilasta wa kowa ya saɓa wa halinsa ba, sai ma ta wanke Ned daga abin da bai yi kama da shi ba. Haka nan zangon farko ya riga ya koya wa mai kallo cewa a wannan duniya asali shi ne komai, tunda ta hanyar duba littafin salsalar gidaje ne Ned ya gane cewa duk ƴaƴan gidan Baratheon, wato gidan sarki Robert, baƙin gashi gare su, yarima Joffrey kuwa mai farin gashi ba ɗan Robert ba ne. Fim ɗin da ya warware rikicinsa na farko da salsala, akwai alamar da salsala zai warware na ƙarshe.

Mataki na gaba ba shi da armashi amma shi ke raba mai hasashe da mai surutu, wato rubutawa. A sami ƙaramin littafi irin kayen ƴan lakwal, a riƙa rubuta zango da kashi da abin da aka gani, da kuma ranar da aka yi hasashen. Ƙwaƙwalwa tana da son kai, bayan an bayyana amsa kowa sai ya tuna cewa shi ma ya taɓa tunanin haka. A fim irin Dark kuwa rubutu dole ne, domin mutum ɗaya yana fitowa da fuskoki uku, yaro da magidanci da tsoho, kuma gidaje huɗu sun auri juna har wata ta zama kakar kanta ta wata fuska. A zana bishiyar dangi kamar yadda tsofaffi ke jero kakanni idan ana binciken asalin mai neman aure, a bar gurbi a duk inda ba a faɗi uba ko uwa ba. A irin waɗannan gurabe ne hasashe yake fitowa.

Sai kuma maimaita kallo da ido na biyu. Kallon farko na jin daɗi ne, hankali yana kan fuskar jarumi da abin da zai faɗa. A kallo na biyu a bar fuska a dubi bango, da tufafi, da rubutun da ke jikin ƙofa. Kowane minti na waɗannan fina-finai kuɗi ne masu yawa, saboda haka kamara ba ta cika tsayawa a kan abu a banza ba, kuma tun da daɗewa marubucin Rasha Anton Chekhov ya yi nuni da cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole ta tashi kafin a gama. A zangon farko na Westworld, labarin wani wurin shaƙatawa mai cike da mutum-mutumi, a 2016, masu kallo sun lura cewa tambarin kamfanin da ake gani a wuraren da matashi William yake ya bambanta da wanda ake gani a sauran wurare, kuma William bai taɓa haɗuwa da ma'aikatan da muka sani ba. Da yake mutum-mutumin wurin ba sa tsufa, fuskar Dolores, ɗaya daga cikinsu da ke tafiya tare da William, ba za ta nuna wucewar lokaci ba. Daga nan suka ce ana nuna mana zamani biyu ne a cakuɗe, kuma William shi ne wani tsoho mai baƙaƙen kaya da ake gani a fim ɗin, bayan kimanin shekara 30, kashi na ƙarshe kuwa ya tabbatar da hakan. Wasu ma sun jujjuya haruffan sunan Bernard Lowe, ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin, suka fitar da Arnold Weber, wanda ya zama shi ne mutumin da aka ƙera Bernard a kan siffarsa.

Wannan yana jawo wata matsala tamu ta gida. Yawancinmu a wajen masu tura fina-finai muke karɓar kashi a waya ko a memori, kuma domin zango guda ya shiga ƙaramin wuri sukan matse hoton har rubutun bango ya zama dishi-dishi. Wanda ke son hasashe ya roƙi kwafi mai haske ko da zai ci wuri, ya kuma tabbatar kashin sun cika kuma a jere suke, domin tsallake kashi ɗaya ya isa ya sa mutum ya kwana yana warware abin da fim ya riga ya warware. Harshe ma abin kula ne. Da yawa a nan da muryar Faransanci suke kallo, wasu kuma da fassarar Hausa, alhali wasu alamomin a cikin kalmomin Ingilishi aka dasa su. Sunan Hodor na Game of Thrones, kamar yadda aka bayyana a kashi na biyar na zango na shida, ya samo asali ne daga umarnin "hold the door", wato riƙe ƙofa, da ya maƙale a bakinsa tun yana yaro, har sai da masu fassarar Faransanci suka nemo wata jumla mai ƙarewa da "au-dehors" domin sautin ya yi kusa. Idan hasashenka ya rataya a kan kalma ɗaya, nemi asalin muryar ka saurara kafin ka kai shi fada.

Ba duk abin da ido ya tsinta ne alama ba. A watan Mayun 2019, a kashi na huɗu na zangon ƙarshe na Game of Thrones, an ga kofin kofi irin na zamani a kan tebur gaban sarauniya Daenerys ana tsakiyar liyafa, kuma mantuwa ce kawai ta ma'aikata, HBO ta amsa kuskuren ta goge shi daga hoton. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: alama takan dawo sau biyu ko uku, kamara takan ba ta lokaci, kuma takan taɓa wani hali ko wata doka ta labarin. Kuskure sau ɗaya yake wucewa a gefen allo. Akwai kuma abin da mai kallo ke shigo da shi daga waje ya ɗora wa fim. A WandaVision, mai kashi tara, a 2021, jama'a da yawa sun dage cewa wani shaiɗani mai suna Mephisto daga littattafan zane na Marvel shi ne ke juya komai, suka riƙa ganinsa a kowace inuwa, har fim ya ƙare bai fito ba. A fim ɗin dai wasu suka ce maƙwabciya Agnes, wadda kullum take faɗowa gida a daidai lokacin da ake buƙatarta, mayya ce mai suna Agatha Harkness, kuma haka ya kasance. Na biyun a cikin fim ɗin aka tsinci alamominsa, na farkon kuwa sanin da mutane suka yi wa wasu littattafai ne ya rufe musu ido.

Kafin ka faɗi hasashe a bainar jama'a, yi masa tambaya ɗaya: me zan gani a allo da zai nuna mini na yi kuskure? Idan babu amsa, ajiye shi. Lost, wanda ya gudana daga 2004 zuwa 2010 a kan fasinjojin jirgin da ya tashi daga Sidni zuwa Los Anjeles ya faɗi a wani tsibiri, ya sha fama da hasashen cewa duk sun mutu tun ranar haɗarin. Wannan magana tana iya haɗiye kowane abin mamaki, hayaƙi mai kisa ne ko gurgun da ya miƙe ya yi tafiya, shi ya sa ba ta bayyana komai, daidai take da wanda duk ciwon da aka kawo masa sai ya ce iska ce. A kashi na ƙarshe an faɗa ƙarara cewa abin da ya faru a tsibirin ya faru da gaske, wani ɓangare ne kawai na zango na shida ya kasance bayan mutuwa, amma har yau akwai masu rantsuwa cewa hasashensu ne ya tabbata. Ni kaina na taɓa faɗawa irin wannan rami. Na yi watanni ina kare ra'ayin cewa a Game of Thrones Bran Stark, ɗan Ned, shi ne Sarkin Dare, shugaban rundunar matattu, saboda yana iya komawa baya cikin zamani, na kau da kai daga wurin da zango na shida ya nuna yadda aka ƙirƙiri Sarkin Daren daga wani mutum da aka ɗaure a bishiya. Ranar da Arya, ƴar Ned, ta soke Sarkin Daren a kashi na uku na zangon ƙarshe, Bran kuwa yana zaune a kujerarsa lafiya lau, sai da na sayi sukarin shayin fada na mako guda.

Game da ladabin zama, ƙa'idar ba ta da yawa. Kafin ka buɗe baki ka tambaya, "Aboki, a wane kashi ka tsaya?", kuma a yi magana daidai da wanda ya fi kowa baya, ko a jira ya tashi. A rukunin WhatsApp a rubuta sunan fim da zango a layin farko, a bar sarari kafin maganar, kada a sa hoton mutuwar jarumi a matsayin hoton fuska. Abin da ya fi fasa ƙwai muni shi ne mutum ya karanta amsa a intanet ko a littafi, sannan ya zo ya gabatar da ita a matsayin basirarsa. Irin wannan ana gane shi da wuri, domin yana da amsa amma in aka ce ya nuna kashin da ya gani sai ya fara kame-kame.

Saura yadda ake karɓar ƙarshen da bai zo yadda aka so ba. Bayan zangon ƙarshe na Game of Thrones, fiye da mutum miliyan ɗaya sun sa hannu a wata takardar koke a intanet suna neman a sake shirya shi. A cikin wannan fushi akwai ƙorafi iri biyu da ya kamata mai hasashe ya iya rabewa. Akwai masu cewa bai kamata Daenerys ta ƙona birnin sarauta ba domin ba halinta ba ne, kuma waɗannan kaye zai ba su amsa, tunda a zango na huɗu ta gicciye masu bayi 163 a Meereen, a na bakwai kuma ta ƙona Randyll Tarly da ɗansa da wutar dodonta saboda sun ƙi durƙusawa. Akwai kuma masu cewa an shuka abin amma an girbe shi ɗanye, kuma ni ina tare da su, domin zangunan farko shida kashi goma-goma ne, na bakwai ya sauko bakwai, na takwas shida, sai juyin da ke buƙatar zango guda aka cusa shi cikin kashi biyu. Idan hasashenka ya rushe, koma ka duba ko akwai alamar da ka tsallake. In akwai, kuskuren naka ne, ka rubuta shi a gefen shafin. In ka bi kashi-kashi babu, to kana da damar sukar marubutan, kuma sukarka za ta yi nauyi a fada tunda da lambar zango da ta kashi za ka kawo ta.

Ba kowane fim ne kuma ya cancanci wannan wahala ba. House of the Dragon, wanda ya fara a 2022, an gina shi a kan littafin da Martin ya fitar tun 2018, wanda ya riga ya faɗi wa zai mutu da wa zai hau gado, saboda haka abin da ya rage a yi hasashe a kansa shi ne inda masu fim za su kauce wa littafin. Wanda ke son gwada idonsa da gaske ya zaɓi fim ɗin da ba a ciro shi daga littafi ba, wanda kuma ake fitar da shi kashi ɗaya a mako, domin kwana bakwai ɗin da ke tsakani su ne lokacin maimaita kallo da cika kaye. Idan kuwa zangon ya riga ya fito gaba ɗaya, ƴan fada su yi yarjejeniya cewa ba wanda zai wuce kashi biyu a dare, kowa ya faɗi nasa hasashen a rubuta da sunansa kafin a zuba shayi na uku.